Katin Da Ke Mutuwa Duk Shekara Goma: Tarihin Sabunta Girin Kad A Amurka



Duk mai ɗan'uwa a Amurka ya taɓa jin sunan girin kad, katin da ke nuna an ba baƙo izinin zama a ƙasar iya rayuwarsa, ya yi aiki, ya fita ya dawo. A takardun hukuma sunansa katin mazaunin dindindin, kuma mutane sama da miliyan 12 ne ke da wannan matsayi. Sai dai in ka karɓi katin ka duba, za ka ga an buga masa ranar mutuwa, shekara 10 daga lokacin da aka yi shi. To yaya aka yi abin da ake kira na dindindin yake da wa'adi? In kuma ya faɗi a mota, ko ɓarawo ya yanke aljihu, me ya rage wa mai shi? Dokar Amurka ta yau ta raba izinin da katin: izini yana nan daram ko da kati ya mutu ko ya salwanta. Amma ba haka aka faro ba, kuma rabuwar ba ta hana mutane shan wahala ba. Labarin ya haura shekara 130.

Takardar farko, 1892

A mafi yawan ƙarni na 19, baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa a Amurka ba ya yawo da wata takarda mai cewa an yarda ya zauna. Sunansa yana cikin jerin fasinjojin da kyaftin ya miƙa a tasha, shi ke nan. Waɗanda aka fara ɗora wa nauyin riƙe takarda su ne leburorin ƙasar Sin, waɗanda suka zo haƙar zinariya a Kalifoniya da shimfiɗa layin dogo. A 1882 Majalisar Dokoki ta hana sababbin leburorin Sin shiga ƙasar na tsawon shekara 10. Da wa'adin ya cika a 1892, ɗan majalisa Thomas Geary daga Kalifoniya ya kawo dokar da ta ƙara wasu shekara 10, ta kuma zo da sabon sharaɗi: duk leburan Sin da ke cikin ƙasar ya je wurin jami'in haraji cikin shekara guda ya karɓi takardar shaidar zama. Wanda aka kama babu ita bayan wa'adin, alƙali zai sa a tasa ƙeyarsa, sai fa in ya kawo uzuri mai ƙarfi irin na rashin lafiya, ya kuma gabatar da aƙalla farar fata ɗaya da zai shaida cewa yana ƙasar tun lokacin da aka kafa dokar.

Dokar ta yi tanadi a kan ɓatan takarda, kuma tanadin yana nuna yadda ake kallon mutanen. Wanda ya ce ya karɓi tasa amma ta ɓata ko ta lalace, tsare shi za a yi, a jinkirta hukunci zuwa wani ɗan lokaci, har ya samo kwafi daga jami'in da ya ba shi ta farko. Wato sabunta takarda a wancan zamani daga hannun hukuma ake yin sa, mutum yana tsare.

Shugabannin Sinawa na San Faransisko sun umarci jama'arsu da kada su yi rajista, kuma mafi yawansu sun ƙi yi. Aka kai maganar Kotun Ƙoli a shari'ar da ake kira da sunan Fong Yue Ting, ɗaya daga cikin mutum uku da aka kama. Wani daga cikinsu, Lee Joe, ya ma je neman takardar, aka hana shi saboda shaidunsa Sinawa ne 'yan'uwansa. A watan Mayu na 1893 kotun ta goyi bayan gwamnati, ta ce ikon korar baƙo na ƙasa ne, duk da alƙalai uku sun ƙi amincewa. A ƙarshen shekarar Majalisa ta ƙara wa Sinawa wata shida su yi rajista, ta kuma wajabta liƙa hoto a jikin takardar. Ba a soke waɗannan dokoki ba sai a 1943.

Gidan waya, 1940

Abin da aka gwada a kan ƙabila ɗaya ya hau kan kowane baƙo a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Yuni na 1940, Faransa ta faɗa hannun Jamus, tsoron 'yan leƙen asiri ya cika Amurka. A cikin watan aka ɗauke hukumar shige da fice, wadda ake kira INS, daga Ma'aikatar Ƙwadago aka mayar da ita Ma'aikatar Shari'a, sannan Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a Dokar Rajistar Baƙi, wadda aka fi sani da Dokar Smith. Ta wajabta wa duk baƙon da ya kai shekara 14 ya je gidan waya ya cike fom, a ɗauki zanen yatsunsa. Ƙananan yara kuwa iyayensu ne ke yi musu rajista. Daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Disamba na wannan shekara, mutum kusan miliyan 5 suka yi layi.

Bayan an kammala, sai a aiko wa mutum wani farin kati ta gidan waya, mai lamba AR-3. Rasit ne kawai, shaidar cewa ka yi rajista. Bai bambanta wanda ya shigo ta ƙofa da wanda ya tsallako katanga ba, kowa iri ɗaya aka ba shi. Amma abu biyu da aka fara a lokacin sun wanzu har yau. Na farko, kowane baƙo ya samu lambarsa ta kansa mai farawa da harafin A. Na biyu, daga 1944 hukumar ta fara tara duk takardun mutum ɗaya a fayil ɗaya ƙarƙashin wannan lamba. Nan ne asalin rabuwar izini da kati. Tunda ainihin bayanin yana cikin fayil a hannun gwamnati, abin da ke aljihun mutum ya zama kwafi, kuma kwafi in ya ɓata ana iya buga wani.

Yadda katin ya zama kore, ya kuma daina

Da yaƙi ya ƙare, aka daina rajista a gidan waya, aka koma yin ta a tashar da baƙo ya shigo. Daga nan aka fara ba kowane rukuni takardarsa: mai ziyara da tasa, leburan wucin gadi da tasa, wanda aka karɓa a matsayin mazaunin dindindin kuma aka ba shi kati mai lamba I-151, wanda aka buga a koriyar takarda. Sunansa na hukuma dogo ne, sai mutane suka yanke, suka kira shi da launinsa. Bayan Dokar Tsaron Cikin Gida ta 1950, an ba masu tsohon farin kati damar musanya shi da koren, amma sai wanda ya iya nuna cewa ta halal ya shigo. Wannan shi ne karo na farko da musayar kati ta zama rariya mai tace mutane.

A 1952 Majalisa ta haɗa dokokin shige da fice wuri ɗaya, ta zartar da su duk da Shugaba Harry Truman ya hau kujerar na ƙi. Wani sashe na dokar ya ce duk baƙon da ya kai shekara 18 dole katinsa ya kasance a jikinsa ko da yaushe, wanda ya saɓa kuma tarar da ba ta wuce dala 100 ba, ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba, ko a haɗa masa duka. Wannan sashe yana nan har gobe. Akwai kuma wani nauyin da aka sauke a 1981: kowane watan Janairu sai baƙo ya cike kati ya sanar da gwamnati adireshinsa. Yau abin da ya rage shi ne ya sanar cikin kwana 10 in ya sauya gida.

Da katin ya yi daraja, masu buga jabu suka shigo kasuwa. Takarda ce da hoto, mai injin ɗab'i da haƙuri zai iya kwaikwayonta. Hukumar ta yi ta sauya fasalinsa, fiye da sau 10 kafin 1977. A 1964 ma launin ya koma shuɗi, amma sunan ya ƙi tafiya. A 1977 aka fito da sabon kati mai lamba I-551, wanda ke ɗauke da hoto da zanen yatsa da sa hannu, da wasu lambobi da ake tantancewa da na'ura, aka kuma mayar da buga shi cibiya ɗaya a jihar Teksas. Abin lura shi ne duk katunan da muka ambata zuwa nan babu wanda aka buga wa ranar mutuwa. Wanda ya karɓa yana saurayi zai iya nuna shi da furfura a kansa, hoton yana nan na samartaka.

Ta ɓangaren kotu kuma, an samu sauyi mai nauyi. A shari'ar Woodby ta 1966, Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ce za ta kawo hujja bayyananniya, gamsasshiya, kafin a kori baƙon da ke zaune a ƙasar. A kwatanta da 1892, inda leburan Sin ne zai nemo farar fata ya wanke shi. Ƙa'idar hukuma ta yau tana cewa matsayin mazaunin dindindin yana ƙarewa ne in an yanke hukuncin ƙarshe na korar mutum. Yana kuma iya ajiye shi da kansa, ko ya yi watsi da shi ta hanyar tarewa a wata ƙasa. Mutuwar kati ba ta cikin jerin.

Dalilin da ya sa aka sa wa'adi

Shekarar 1986 ce ta sauya darajar katin a rayuwar yau da kullum. A watan Nuwamba Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a wata doka mai fuska biyu. Ta halatta zaman mutum kimanin miliyan 2.7 da ba su da takardu, ta kuma haramta wa masu kamfanoni da gonaki ɗaukar wanda ba shi da izinin aiki. Daga lokacin, duk wanda aka ɗauka aiki, ɗan ƙasa ko baƙo, sai an cike masa fom mai lamba I-9, ya nuna takardun da ke tabbatar da ko shi wane ne da kuma cewa yana da izinin aiki. Katin da a da jami'in kan iyaka ne ya fi tambaya, sai ga shi manajan kanti da mai gidan abinci suna juya shi a hannu. Su kuwa ba su da horon gane tsohon fasali daga na jabu, ga katuna iri-iri suna yawo, wasu tun na shekarun 1950.

A wannan shekarar dai aka yi wata doka a kan auren biza. Wanda ya samu izinin zama ta hanyar auren da bai kai shekara 2 ba, kati mai sharaɗi za a ba shi, na shekara 2 kacal. Wannan shi ne girin kad na farko da aka buga wa ranar ƙarewa.

A watan Agusta na 1989 aka faɗaɗa abin zuwa kowa. Sabon katin, mai launin ruwan hoda, ya zo da wa'adin shekara 10. Hikimar ita ce duk shekara 10 mai kati ya dawo a sabunta hotonsa, a sake duba bayanansa, a ba shi kati mai sababbin matakan tsaro, tsofaffin fasali kuma su riƙa fita daga hannun jama'a da kansu. Daga nan hukumar ta juya kan tsohon I-151. Bayan an ɗaga wa'adin fiye da sau ɗaya, ya daina aiki a ranar 20 ga Maris 1996. Dattawan da suka shekara 30 ko 40 da katinsu a jaka dole suka nemi sabo, duk da izininsu bai taɓu ba. Katunan 1977 zuwa 1989 marasa wa'adi su ne suka tsira. A 2007 an gabatar da shawarar a soke su, amma ba a zartar ba, kuma har yanzu suna aiki.

A ƙarshen 1997 aka sauya sunan da ke jikin katin daga "baƙo mazauni" zuwa "mazaunin dindindin". A ranar 1 ga Maris 2003, bayan harin 11 ga Satumba, aka rushe INS, aikin katin ya koma hannun sabuwar hukuma mai suna USCIS a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Sai a watan Mayu na 2010 katin ya sake komawa kore, bayan shekara 46. An sake masa fasali a 2017 da 2023.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Dokar 1990 ta ƙirƙiro cacar biza, mai raba gurabe 55,000 a shekara ga ƙasashen da mutanensu ba su yi yawa a Amurka ba, aka fara da zagayen 1995. Ta wannan ƙofa 'yan Najeriya da Gana da Kamaru da Sudan da Nijar da yawa suka shiga, cikinsu har da Hausawa. An cire Najeriya daga zagayen 2015, saboda 'yan ƙasar da suka samu izinin zama cikin shekara 5 da suka gabata sun haura 50,000. Duk waɗannan mutane a zamanin wa'adi suka karɓi katinsu, don haka wanda bai zama ɗan ƙasa ba, duk shekara 10 yana da alƙawari da hukuma.

Yadda ake yi a yau

Fom ɗin sabuntawa shi ne I-90. Shi ake cikewa in kati ya mutu ko ya rage masa wata 6, in ya ɓata, in an sace, in ya lalace, ko in mutum ya sauya suna. Yaron da aka ba kati yana ƙarami shi ma yana cike shi in ya cika shekara 14, don a ɗauki zanen yatsunsa, gadon dokar 1940 ke nan. A jadawalin kuɗin da ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2024, dala 465 ne a takarda, dala 415 ta intanet. In kuskuren da ke jikin katin daga hukumar yake, ba a biyan ko sisi.

Matsalar ita ce jira. Layin ya yi tsawo har hukumar ta mayar da rasit ɗin I-90 wata takardar ƙarin wa'adi: in ka haɗa shi da mataccen katinka, suna zama shaida. A 2021 ƙarin wata 12 ne, a Satumba 2022 aka mayar da shi wata 24, a Satumba 2024 ya koma wata 36. Waɗannan alƙaluma kaɗai sun isa su nuna yadda aikin ya yi wa hukumar yawa. Wanda katinsa ya ɓata gaba ɗaya kuwa ba shi da abin haɗawa da rasit, sai ya nemi hatimin wucin gadi, wanda ake buga masa a fasfo ko a wata takarda mai hotonsa.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne wanda katinsa ya ɓata yana ƙasar waje, misali ya zo ganin gida. Doka tana cin tarar kamfanin jirgin da ya kawo fasinja marar takardu, don haka ma'aikacin kanta ba zai saurari bayanin cewa izini yana cikin fayil ba. Sai mutum ya cike fom I-131A, ya biya kuɗi, ya je ofishin jakadancin Amurka a ba shi takardar hawa jirgi, in ya isa sannan ya nemi sabon kati. Lokaci kuma ba ya jira, domin katin yana aiki ne a matsayin takardar komawa ga wanda bai cika shekara guda a waje ba. Mai niyyar daɗewa yakan nemi takardar izinin dawowa tun kafin ya fita, wadda ke kaiwa shekara 2. Wanda ya zarce ba tare da ita ba zai iya fuskantar zargin cewa ya yi watsi da zamansa, kuma a nan izinin kansa ne ke cikin haɗari.

Haka ma mai kati na shekara 2. Shi I-90 ba ya sabunta masa. Cikin kwana 90 na ƙarshe zai cike I-751, yawanci tare da matarsa ko mijinta, su nuna cewa auren na gaskiya ne. In ya yi sake wa'adin ya wuce, matsayin yana faɗuwa tare da katin. Wannan ne wuri ɗaya da ranar da ke jikin roba take daidai da ranar mutuwar izini.

Ga mai kati na shekara 10, doka tana gefensa fiye da yadda mutane ke zato. Kamfanin da ya riga ya ɗauke shi aiki ba shi da ikon ya ce ya kawo sabon kati don tsohon ya mutu. Amma neman sabon aiki, sabunta lasisin tuƙi, neman bashin gida, hawa jirgi, duk wurare ne da ake tambayar shaida mai rai, kuma wanda ke bayan kanta abin da ya gani a hannunsa yake aiki da shi. Hanya ɗaya ta fita daga wannan zagaye ita ce zama ɗan ƙasa, wanda ake iya nema bayan shekara 5 da samun izinin, ko shekara 3 ga wanda ke auren ɗan ƙasa.

Daga leburan Sin da ake tsarewa har ya samo kwafi, zuwa mai cike fom a wayarsa yana zaune a falo, an yi tafiya mai nisa. Abin da ya kawo sauyin shi ne fayil ɗin 1944 da hukuncin kotuna, waɗanda suka ɗauke izinin daga aljihun mutum suka ajiye shi inda gobara ko ɓarawo ba za su kai ba. Abin da ya hana sauyin cika kuwa shi ne dokar 1952 da ta 1986, waɗanda suka sa rayuwa ba ta tafiya sai da katin a hannu. Don haka, ɗan'uwa marubuci, in ka tura tauraron littafinka Amurka ka sa jakarsa ta ɓata, kada ka sa a kwashe shi a jirgi washegari. Ka bar shi da abin da ke samun mutane a zahiri: kuɗin fom, watannin jira, aikin da ya kufce, da mahaifiya a gida ba lafiya alhali yana tsoron fita kafin hatimi ya fito.